Masar Sadaka Don Mai Jegon Teku

Mu mutanen Wunti ne, kuma babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Gubi. Shi ya sa ranar da ƙanwata, autarmu, ta ce ta samu gurbin karatu a ƙasar waje, za ta riƙa shiga teku tana bin wani ƙaton kifi da ake kira wel, Inna ta ajiye cokalin juya masa ta dube ta sama da ƙasa.

"Ana cin sa?"

"Ba a ci, Inna. Sun kusa ƙarewa ne, muna so mu san nawa suka rage."

"Duk giwayen Yankari ba su ishe ki ƙirgawa ba?"

Auta dai ta tafi. Tun daga ranar Inna ba ta da zance sai na dawowarta. Ni ce babba, a wayata ake kira, don haka ni nake shan mita safe da yamma, ga ni da saurin hawa.

A hankali labarin kifin ya shigo gidanmu. Auta ta ce irin waɗanda take bi suna nutsawa can ƙasan teku inda haske ba ya kaiwa, su daɗe har ka fid da rai, sannan su taso su shaƙi iska. Ragar masunta na kama su, ƙarar jiragen ruwa na rikita su, ga leda da suke haɗiya. Inna tana ji tana taɓe baki, har ranar da Auta ta ce ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi, ɗa guda, su shayar da shi nono.

"Nono? To ai wannan ba kifi ba ce, mace ce!"

Daga nan Inna ta fara tambayar lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya kamar dangin miji. Akwai wata da Auta ke ganewa da tabo a gadon baya, tana cikin mata ƙalilan da suka rage masu iya haihuwa. Wata rana Auta ta kira tana kuka. An ga mai tabon da igiyar raga naɗe a jikinta, ta nutse, ba a sake ganinta ba.

"Adda, in ta mutu na haƙura. Tattara kayana zan yi in dawo gida."

Na ɗauka Inna za ta yi murna. Sai kawai ta tashi ta jiƙa shinkafa.

Al'adarta ce, in mace a unguwa ta shiga wani hali, ciki ya tsufa ko ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ranar Juma'a takan ware tanda guda ta sadaka. Wannan Juma'ar teloli da masu keken haya suka ci masa har da ƙuli, tana ce wa kowa, "A saka wata baiwar Allah a addu'a, tana cikin ruwa." Wani tela ya tambaya ko 'yar Gubi ce. Inna ta ce a'a, ta fi nan nisa.

Kunya ta kama ni, raina ya ɓaci. Na ja ta gefe na ce, "Inna, kifi fa! In mutane suka gane, da wane ido zan bi layin nan?"

"Wanda ya halicce ki bai halicce ta ba? Matsa min, masata za ta ƙone."

Haka muka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a, har damina ta wuce. Mutane suka gane, suka yi dariyarsu, suka kuma ci gaba da zuwa. Har liman, in ya biyo ta ƙofar gida, sai ya ce, "Hajiya, ya mai jiki?"

Wata safiya ina wanki wayata ta yi ƙara. Auta ce a kiran bidiyo, iska na kaɗa mayafinta. Ta juya wayar wajen ruwa. Da farko ba mu ga komai ba, sai wani baƙin baya ya ɓullo, ga tabon, babu igiya. A gefenta kuma wani ɗan ƙarami ya taso ya fesa numfashi.

Inna ta rangaɗa guɗar da ban taɓa jin irinta ba ko a bikina. Maƙwabta suka shigo da gudu, ni kuwa da nake cewa kifi ne kawai, ni na fi kowa hawaye, hannuna duk kumfa. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Da hayaniya ta lafa, Auta ta ce, "Inna, hutu ya kusa. In taho?"

Na san yadda Inna ke kewarta, don na sha ganin ta tana shinshina tsohon zanen Auta. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta matso da ita daf da fuska.

"Ki taho ina? Yi zamanki, 'yar nan. Ba a barin mai jego ita kaɗai."