Ruwan Bursa a Bakin Baba

Jiya a wani shago a unguwar Abbasiya na ɗaga tawul, na ga an rubuta Bursa a gefensa. Ban ankara ba sai ga ni ina shinshina shi, kamar yadda marigayi Baba yake yi.

Dattijo ne mai sayar da yadi, shi ya riƙe mu ɗalibai a nan Alƙahira. Duk ƙyallen da ya shigo hannunsa sai ya murza, ya kai hanci, ya ce, "Wannan ya sha ruwan Bursa."

Wata Juma'a muna shan shayin na'ana'a ya baje mini labarin garin Bursa na ƙasar Turkiyya. Can sarakunan Usmaniyya suka fara zama, can fataken siliki suke sauke kaya, yanzu kuma masana'antun mota sun cika bayan gari. Ya ce, "Ɗana, a tsakiyar kasuwar siliki akwai ɗan masallaci, ruwan alwala a ƙarƙashinsa. Sanyinsa har haƙori."

Bayan rasuwarsa na je Bursa. Ga masallacin, ga ruwan. Na kurkure baki, haƙorana suka amsa.

Da na dawo na kai wa matarsa tsarabar gyale, ina ta zuba labari. Ta dube ni ta ce, "Malam ai bai taɓa taka Turkiyya ba. Daga Kano sai nan, sai Makka, khalas, shi ke nan."

Har yau na rasa inda zan ajiye maganar nan. Tarihi ana iya jinsa a bakin mutane, to sanyin fa?

Allah ya jiƙan Baba, ya shayar da shi ruwan da ya fi wancan sanyi, wannan karon da bakinsa.