Jan Fenti a Bangon Mai Ɗinki

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, za ka ga Mai Ɗinki ta fito ƙofar gida da ɗan gwangwanin jan fenti da tsohon buroshin haƙori, tana bin wata alama a jikin bangonta tana sabunta ta. Baƙo sai ya ɗauka matar ta taɓu. Lafiyarta ƙalau. Masu tsara birni ne suka mai da ta haka.

Tana goye da 'yarta ta fari suka shigo layin da igiyar awo. Suka ce gari na girma, motoci sun yi wa tituna yawa, don haka za a shimfiɗa layin dogo ya ratsa unguwar. Duk gidan da aka shafa wa alama za a ba shi fili a sabuwar unguwa. Amma fa kada alamar ta goge, kada kuma a ɗora ko bulo ɗaya. Wanda ya taɓa gini ya fitar da kansa daga rabo. Yau 'yar nan ita ma goyo take yi, ko ƙusar dogo ba a gani ba.

Mijinta direban bas ne, kuma ranar ya fi kowa murna. Cunkoso ya cinye masa ƙugu da haƙuri. Ya riƙa cewa zai ajiye bas ya koyi tuƙin jirgi, har abokansa na tasha suka laƙaba masa Direban Jirgi. Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ɗaki biyu gare su. Rufin na ciki ya rufta bara, keken ɗinkinta ya koma rumfar tsakar gida. Saura na waje, inda yake kwance, kuma bangonsa ne ke ɗauke da alamar.

Bangon ya tsage. Da fari allura ce kawai za ta shiga, yanzu ƙadangaru ke shige da fice. Ƙaninta magini ya zura hannu har wuyan hannu, ya zaro, ya kaɗa kai.

"Yaya, bangon nan ba zai ga ƙarshen damina ba."

"Mugun baki gare ka tun kana yaro."

"Baki nawa ne, bango naki. Ki bar ni in rushe in tayar da sabo."

"In rasa filin? Bayan kaina ya yi fari ina jira?"

Ta ɗauki mayafi ta tafi ofishin masu tsara birnin. A can ta tarar da garin gaba ɗaya a cikin akwatin gilashi: gadoji, tashoshi, ƙananan jirage kamar na wasan yara, ba rami ba kwata. Wani matashin ma'aikaci mai ƙamshin turare ya tare ta.

"Ɗana, ina gidana a nan?"

Ya leƙa, ya nuna da biro. "Nan ne, Mama, inda wannan bishiyar robar take. Ku kuna zango na uku na aikin."

"Yanzu a na nawa ake?"

"Ana sake nazarin na farko."

Ta ce izini kawai take roƙo, na bango ɗaya, akwai marar lafiya a ƙarƙashinsa.

"Wallahi ba ni da wannan ikon. In muka ba ki, gobe kowa zai tayar da bene ya ce gyara ne. Ki yi haƙuri, Mama, tsarin nan don jikokinki aka yi shi."

"Jikokina ba sa kwana a ɗakin. Kakansu ne a ciki!"

Ya sunkuyar da kai, ya hau gyara biro a aljihu.

Ruwa ya kama ta a hanya, motar da ta hau ta maƙale a irin cunkoson da aka ce za a kawar. Da ta iso ta faɗa ɗakin da gudu. Bango na tsaye. Amma ƙasa ta zubo a kan bargon mijinta, ta zubo a gemunsa, har a gefen bakinsa, shi kuwa ba hannun da zai kakkaɓe. Ido kawai ya zuba mata. Ta share masa da bakin zaninta.

Washegari ita da ƙaninta suka cicciɓo shi zuwa rumfa, suka kwantar da shi kusa da keken. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko, kowa da tasa alamar a bangonsa. Ta san kafin azahar labari ya kai ofis.

"Yaya, kin san abin da za ki rasa?"

"Na fi ka sani. Fara sare mini wurin jan."

Ya sa kurfi ya ɓanɓaro shafen da alamar a jiki. Ta naɗe shi a ƙyallen atamfa ta tura ƙarƙashin keke, alhali ta san ba wanda zai karɓi alamar da ba ta da bango. Sannan guduma ta fara sauka.

Direba ya ji ƙarar, ya yunƙura, idonsa ya yi haske. Ta kai kunne bakinsa.

"Aikin... jirgin ne?"

Ta dubi ƙurar da ke tashi daga ɗakinsu. Ta gyara masa matashi.

"Shi ne, Maigida. Sun fara. Kwanta."