Yadda Kawu Barau Ya Huta a Otal

Duk wanda ya san Kawu Barau ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da ƙasar da mutumin yake tsaye a kai. Ka miƙa masa hannu, sai ka ga ya sunkuya. Baƙo ya ɗauka girmamawa ce, har ya ce, “A’a Baba, tashi, tashi!” Ina! Ƙasa yake ɗiba. Ya murza ta a yatsu, ya sansana, ya ɗora kaɗan a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar amarya, ya ce, “Bari dai in ji ta bakinta.” In ya gama ji sai ya yanke hukunci: wannan yunwa take ji, wannan an cuce ta, wannan kuwa ko tsinken sakace ka soka mata sai ya yi ganye. Bayan nan ne kai za ka samu naka “ina kwana.”

Ku da kuka zauna da shi a ƙauyenmu na bayan Makoda ba sai na rantse muku ba. Amma zan rantse, don na san abin da kuke faɗa a bayan idona, wai Garba Direba in ya ga kaza sai ya ce jimina ya gani. To wallahi ranar da ya je nema mini aure, sai da ya ɗanɗana zauren surukaina tukuna, ya kaɗa kai, ya ce, “A ba mu yarinyar. Gidan da ya iya tara toka da kashin awaki haka ba zai haifi malalaciya ba.” Har yau matata ba ta yafe mini ba.

Na ranar jana’izar Malam Sule mai tebur kuwa kuna wurin. Ana mayar da ƙasa, kowa ya yi jugum, sai muka ji murya daga bakin kabari: “Kai, marigayi ya dace. Jigawa ce mai laushi. Da gyaɗa aka sa a nan…”

Liman ya ce, “Malam Barau, ka ji tsoron Allah mana!”

Ya ce, “Tsoronsa nake ji, Liman. Shi ya yi ta, ni yabawa kawai nake.”

Sai kuma hularsa. Tsohuwar hular nan da ta tashi daga fara ta koma kalar ƙuli-ƙuli. A cikin naɗinta yake ɗinke irin geronsa, wanda ya gada daga kakansa, mai doguwar zangarniya da gashi, wanda tsuntsu in ya sauka a kai sai ya tashi yana tsaki. Duk shekara yana ware cikin tafi guda ya sa a hula. Ya ce rumbu yana iya cin wuta, amma kansa ba zai ci wuta bai sani ba.

To, aka shiga shekarun farin nan. Matasa ba za su gane ba. Damina biyu a jere hadari ya taso, ya yi baƙi ƙirin, ya leƙa mu, ya wuce. A shekara ta biyun aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Wasu suka daka irin da ya rage suka dama wa yara. A duk ƙauyen, geron kakan Kawu babu sauran ƙwaya sai wanda ke bisa kansa. In ya shuka shi ruwa ya sake ɗaukewa, shi ke nan, iri ya ƙare a hannunsa. In ya ƙi shukawa kuma, damina tana wucewa, ƙwari ko yunwa wani zai riga shi. Sai Kawu ya daina cin abinci. Ya wuni a gindin rumbu, hannu ɗaya dafe da hula, ido a gabas.

Lokacin ina tuƙa motar wani tsohon otal a Kano, na tun zamanin Turawa, mai kaurin bango da manyan itatuwan maɗaci. Matarsa, Inna Dije, ta aiko in zo. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce, “Garba, ka ɗauke mini kawunka daga gonar nan. In ya ƙara sati yana kallon sama, ko wuyansa ya karye ko hankalinsa ya tafi. Kuma ni shekara arba’in ban taɓa zuwa ko’ina da shi ba sai gaisuwar mutuwa.”

Shekarar babu baƙi, ɗakuna duk a rufe. Na roƙi manajanmu, mutumin kirki, ya ce in kawo su su kwana biyu.

Inna ta gindaya sharuɗɗa uku a gaban shaidu, wato ni da jaki: ba ɗanɗana ƙasa, ba taɓa fartanya, ba kallon sama. Kawu ya ce, “To in kalli ina?” Ta ce, “Ni.” Ta caje aljihunsa, ta zaro ’yar fartanyar da ya ɓoye a cikin buhun kaya, ta jefa kan danga. Hula kuwa ba ta taɓa ba. Na ɗauka mantawa ta yi.

Muna shiga otal Kawu ya fara sunkuyawa, don jiki ya saba. Inna ta yi tari. Ya ce, “Takalmina nake gyarawa.” Kuma da ma ba abin ɗiba, ko’ina daɓen siminti ne yana sheƙi. Ya miƙe yana gunaguni, wai an binne ƙasa da ranta.

A ɗaki na nuna masa ban-ɗaki, na ja sarƙa don ya ga yadda ake yi. Ruwa ya yi ƙugi ya tafi. Kawu ya dafe ƙirji.

“Garba! Wannan da ya wuce yanzu tulu nawa ne?”

“Kamar guda, Kawu.”

“Ina ya nufa?”

“Ƙarƙashin ƙasa.”

“Akwai shuka a can?”

Na ce babu. Ya tsaya a ƙofar ban-ɗakin ya baza hannuwa kamar mai tare ɓarawo, ya ce muddin yana ɗakin nan ba mai sake jan sarƙar nan, a ba shi buta.

Inna kuwa, jama’a! Ashe ’yar otal ce Allah ya ajiye a ƙauye. Ta hau katifa ta nutse har sai da muka leƙa muka tabbatar tana ciki. Da na nuna mata abin da ake dannawa ma’aikaci ya zo, ta danna aka kawo shayi. Ta danna aka kawo burodi. Ta sake dannawa, mutumin ya zo ya rusuna ya ce, “Hajiya, me za a kawo?” Ta ce, “Ba komai ɗan nan, so nake in ga ko da gaske ne. Shekara arba’in ni ake kira.” Ranar ta danna abin nan ya fi sau ɗari. To, na ji, sau bakwai.

Da la’asar ta sa aka fitar musu da kujeru baranda. Ta kishingiɗa, fanka na kaɗawa. Kawu ya ɗosana a bakin kujera kamar an shimfiɗa masa ƙaya.

Ta ce, “Malam, yi mini hira.”

“Hirar me?”

“Irin wadda mutane ke yi da matansu in sun fito hutu.”

Ya yi ta tunani, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, “Kina ganin tunkiyar nan ta haihu kuwa?”

Tana shirin ba shi amsa sai idonsa ya sauka ƙasa, tunda an hana shi sama. Nan ya ga abin da na yi ta addu’ar kada ya gani. Filin ciyawa kore shar, ga wani dattijo riƙe da tiyo yana feshe ta da ruwa, ruwan rijiyar otal da ba ta taɓa ƙafewa ba. Kawu ya miƙe tsaye.

“Garba, dabbobin wa ke cin wannan?”

“Ba dabbobi, Kawu. Aske ta ake yi.”

“A kai wa wa?”

“A zubar.”

“A ba ta ruwa, ta fito, a aske, a zubar, a sake ba ta ruwa?”

“Haka ne.”

Ya koma ya zauna a hankali, ya ce, “Ashe ba fari ake yi ba. Ruwan ne ya ɓata hanya.” Hannunsa ya tafi kan hula. Ni na gani. Inna tana hura shayi, kamar ba ta gani ba.

Bayan magariba ya ce zai tsaya a masallacin ma’aikata ya yi lazimi. Lazimin nan da Malam Audu mai lambu aka yi shi, dattijon nan mai tiyo, wanda ya zamana shi ma ɗan manoma ne daga wajen Ɗambatta. Daga baya Malam Audu ya gaya mini Kawu cire hular ya yi ya warware naɗin a gabansa. Ya ce da ya ga gashin da ke manne da ƙwayoyin, sai da ya ji ƙanshin gonar ubansa. Akwai wani fegi a bayan kicin da ya gama gyarawa da taki, ana jiran furen Turawa daga Jos. Ya ce wa Kawu, “Furen nan da ma ba ya jin Hausa.”

Washegari bayan sallar asuba na zo ɗaukar mota, sai na ji ƙyas-ƙyas a bayan kicin. Na leƙa. Kawuna ne a tsugune, kai ba hula, karo na farko a rayuwata da na ga sanƙonsa, yana haƙa rami da babban cokalin miya na otal. Ya gan ni ya ce, “Cokali ne. Ba a yi sharaɗi a kan cokali ba.”

Na ce, “Kawu, aikina! Kuma in Inna ta…”

Ban rufe baki ba sai ga ta ta ɓullo ta bayan shingen fure, lulluɓe da mayafi. Na ce yau aure ya mutu a kan cokali. Kawu ya miƙe, ƙasa kaca-kaca a leɓensa, ya fara, “Dije, wallahi ba kallon sama na yi ba…”

Ba ta ko dube shi ba. Ta dubi ramukan ta yi tsaki.

“Dubi layi kamar tafiyar maciji. Kai ka haƙa, ni in zuba. Yaushe ka taɓa iya yin biyun tare?”

Ta karɓe hular. Sannan ta kwance bakin zanenta, sai ga ƙullin farin wake, irin da ta gada wurin mahaifiyarta, shi ma na ƙarshe. Ashe tun ranar da na ba ta labarin otal na ce mata ruwa ba ya yankewa a can, ta gama shirinta. Sharuɗɗan kuwa don ya ci abinci ya yi barci ko da na dare ɗaya ne.

Kawu ya dubi waken, maimakon ya gode sai ya ce, “Haba Dije, wa ke shuka wake rana ɗaya da gero? Sai gero ya yi sati uku.”

Ta ce, “Kwana biyu aka ba mu a gidan nan. In kana da sati uku, danna abin nan ka gaya musu.”

Haka na tsaya ina gadi, yana gaba da cokali, tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Suna tafe suna hira ƙus-ƙus, har da dariya. Hirar da ta nema a baranda ba ta samu ba, a nan ta same ta. Da suka gama ya ci tuwo malmala uku, ya hau katifar nan ya yi barci har azahar, Inna na zaune tana danna abinta.

A gida, waɗanda suka yi shuka ta uku duk ta ƙone. A bayan kicin kuwa gero ya tashi ya fi ni tsawo. Manaja ya zo ya tsaya ya ce, “Audu, wane irin fure ne wannan?” Malam Audu ya ce, “Ranka ya daɗe, na Makoda ne, sai ya yi wata uku yake buɗewa.” Manaja ya dube shi, ya dube ni, shi ma ɗan ƙauye ne, ya ce, “To a kula da tsuntsaye.” Har wasu Turawa sai da suka yi hoto a gabansa.

Da kaka muka zo muka yanka. Ni na ce dami goma ne, Malam Audu ya ce ɗaya da rabi, ku zaɓi wanda kuka ga dama. Kawu bai bari an daka ko zangarniya ɗaya ba. Da ruwa ya dawo ya bi gida-gida yana rabawa da tafin hannu. Geron nan mai gashi da kuke kira ɗan-otal, ku yaran yanzu, asalinsa ke nan. Da Allah ya yi masa rasuwa, kunun da aka sha ranar sadakar ukunsa ma da shi aka dama.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, ana mayar da ƙasa, sai na tsinci kaina ina murza ta a yatsu. Na ɗaga kai na ga Liman yana kallona. Da muka koma gida na shiga yi wa Inna gaisuwa. Tana zaune da hular a cinyarta, tana ɗinke sabon iri a naɗin. Ba ta ɗago ba ta ce, “Garba, yaya ƙasar?”

Na ce, “Jigawa ce, Inna. Mai laushi.”

Ta ce, “To, zai zauna.”

Allah ya jiƙan Kawu Barau, ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi masa sauƙi. Allah ya ba shi hutun da otal ya kasa ba shi, ya saukar da shi a lambun da ruwansa ba ya yankewa, ya bar wa Inna Dije wuri a kusa da shi. Amin.