Na Uku Daga Dama

Tulunan tangaran goma sha biyu ne a kan kanta a zaurenmu na Agege, farare masu murfi, kowanne da rubutun Turawa shuɗi a jikinsa. Kakana ya samo su a wani asibitin soja da ya yi wa aiki zamanin Turawa. Kafin su, a tandu da batta da ƙaho gidanmu ke ajiye magani. Baba ya gaji tulunan ya ci gaba da zuba garin saiwoyinsa. Ba ruwansa da rubutun jikinsu, wanda ko mai kemis ɗin layinmu ya kasa karantawa. Da mazauninsu ya san su, yana ƙirgawa daga dama kamar karatun allo.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya mutu. Ni kuwa da shegen son gyara, ana saura kwana biyu Sallah na sauke tulunan na goge, na jera su manya a tsakiya ƙanana a gefe. Har yaba wa kaina na yi.

Bayan sati uku asmar 'yata ta tashi da hantsi. Shekararta huɗu. Mijina direban tirela ne, ya ɗauki kaya daga Ijora ya yi Arewa. Tun tana jaririya Baba ke tsakuro mata wani gari a dama da zuma, ƙirjin ya saki. Na ɗauko ta a guje, haƙarƙarinta na lotsawa, na durƙusa gaban tabarmarsa. Ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna yatsu uku, ya nuna dama.

Sai a lokacin na tuna. Na buɗe na ukun, garin ƙasa-ƙasa ne. Na huɗu ma haka, na bakwai ma haka. Kuma na san ɗaya a cikinsu zaƙami ne, don ya sha ja mana kunne a kansa.

"Baba, na sauya musu wuri," na ce.

Na riƙa kai masa su hanci ɗaya bayan ɗaya. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, hawaye na bin gefen fuskar da ta karkace. Ashe ciwon ya tafi har da jin ƙamshi. Ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

Na goya ta na tare mai babur ɗan okada, ina roƙonsa da Yarbanci da Hausa ya ratsa cunkoson ko ta ina. A asibiti suka sa mata abin shaƙa, kafin la'asar numfashinta ya dawo.

Da na komo na faɗa wa Baba ta tsira, ya lumshe ido. Na tambaye shi ko in sake kawo tulunan mu gwada a hankali, ko da ɗanɗano ne. Ya girgiza kai ya juya fuska bango. Wata biyar ya ƙara a duniya, ina jinyarsa a zauren nan, bai sake ɗaga min yatsa ya nuna komai ba.