Na Amsa Sallamar Mamaci

Ni ne wawan wannan labari, duk da ɗan lakwal ɗin, wato karatun boko, da nake taƙama da shi.

Ina zaune bakin shagona a Zango sai saƙon murya ya shigo salulata. Na danna, na ji sallamar mai shelar unguwarmu, har da ɗan tarin nan nasa. Na amsa masa da ƙarfi, sannan na tuna cewa da kafaɗata aka kai shi kushewa bara.

Jama'a yake kira zuwa taron wani ɗan siyasa, mutumin da ko gaisawa ba sa yi sa'ad da mai shelar ke da rai. Masu kabu-kabu suka ce na'ura ce mai basira ta haɗiye tsofaffin shelarsa, yanzu abin da aka so take faɗa da bakinsa.

Duk da haka, sai da na je na tsokani matar mamacin, abokiyar wasata: "Hajiya, ashe maigida ya samu aiki a lahira?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, kai da bakinka ba ya rufuwa, ranar da ka mutu kowace parti ta siyasa sai ta samu rabonta."