Ranar da Aka Mai da Karen Gwaggo Mai Gadi

Har yau in na tuna abin da aka yi wa karen Gwaggona sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a sashenta a gidanmu na gado a Gwale, tana haɗa turaren wuta da humra. Kunnenta ya yi nauyi tun wani zazzaɓi da ta yi. Masu sayen turare sukan zo su yi ta sallama har su gaji su juya, sannan su je suna cewa Hajiya ta fara wulaƙanci. Ita kuwa baiwar Allah tana ciki, ba ta ma san an zo ba.

Wata Balarabiya 'yar Labanan, tsohuwar mai sayen turarenta, ita ta bar mata karen da za ta koma ƙasarsu. Da na fara ganinsa dariya na yi. Bai kai kyanwar gidan girma ba. Fari ne tas, gashi har ƙasa, hanci a baje kamar an danna masa fuska, idanu dara-dara kullum cikin hawaye. In yana barci har minshari yake yi.

Kuma ɗan lele ne na gaske. Kullum da safe sai Gwaggo ta taje shi, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe. Ta goge masa ido da auduga da ruwan ɗumi. Ba a ba shi ƙashin kaza, sai shinkafa da nama an yayyanka ƙanana. Zafi kuwa ba ya jure shi ko kaɗan, da rana ta ɗaga zai je gindin randa ya baje cikinsa a ƙasa mai sanyi. Gwaggo ba jahila ba ce. Kwanonsa daban, kayan sallarta daban, kuma ya san ba a taka darduma.

Da an yi sallama daga zaure sai ya yi ɗan siririn haushinsa, ya ruga ya ja bakin zanenta, ya ruga ƙofa, ya dawo. Ba wanda ya koya masa. Gwaggo ta daina rasa baƙi, fara'arta ta dawo.

Baffa, ƙanenta, shi ne babban namiji a gidan. Wata da watanni yana wuce karen bai ce uffan ba, sai ranar da abokansa na majalisa suka tsokane shi da "Alhajin gidan kare". Wannan shi ya ci masa rai, kada wani ya ce mini wani abu ne daban. Ya je ya tambayi wani malami, malamin ya ce kare na gadi ya halatta a ajiye, amma a waje. Malam bai yi laifi ba, ya amsa tambaya ne a kan karen da bai taɓa gani ba. Baffa ya dawo ya yanke hukunci: daga yau mai gadi ne, a ɗaure shi a bakin zaure.

Na ce, "Baffa, wannan ne zai yi gadi? Ɓera ma sai ya kore shi."

Ya ce, "Ke rufe mana baki. Kare ai kare ne."

Gwaggo tana ta kallon bakunanmu. Ta ce, "Me yake cewa?"

Baffa ya ɗaga murya. "Yaya, haƙuri za ki yi. Mutuncin gida ne."

Washegari aka samo igiyar akuya da turke, aka ɗaure karen a tsakiyar bazara, a jikin bangon da ba ya samun inuwa sai dab da magariba. Ni ina wurin aiki. Da na biyo bayan la'asar, sai na tarar da shi a kwance, harshe a waje ya yi duhu, numfashi yana fita da ƙyar. Gwaggo tana zaune dirshan a ƙasa cikin rana, ta yi masa rumfa da mayafinta, tana yayyafa masa ruwan buta. Ƙullin igiyar ya fi ƙarfin yatsunta. Gida cike da mutane, amma ba wanda ya iya kwancewa, wai Baffa ya fita bai ba da izini ba. Wallahi ban taɓa jin haushin danginmu irin na ranar ba.

Na ɗauko wuƙa na datse igiyar, na naɗe shi a jiƙaƙƙen zane, na tari a-daidaita-sahu muka fita ta Ƙofar Ɗan Agundi zuwa wurin likitan dabbobi. Likita ya ce irin masu bajajjen hancin nan ba sa iya fitar da zafi daga jikinsu, saura ƙiris ya mutu.

Ya rayu. Abin da Baffa ya ce ke nan da na ba shi labari: "To, ai ga shi bai mutu ba." Turken ma bai sa an cire ba.

Gwaggo ce ta yanke maganar da kanta. Ta shafa kansa ta miƙo mini shi, ta ce, "Tafi da shi gidanki, 'yata. Gara ya rayu a can."

Yanzu yana gidana a bayan gari, yana ja mini zane duk sanda aka ƙwanƙwasa, ni da nake jin faɗuwar allura. Gwaggo kuwa ta cire labulen ɗakinta, ta mai da kujerarta saitin hanya, ta wuni ido a ƙofa don kada wani ya zo ya juya. Ko kewayawa ba ta son yi.

Zuwana na ƙarshe na shiga na tarar ta sunkuya tana hura garwashi a kasko. Na yi sallama, na ƙara, na matso har kanta. Sai da inuwata ta faɗa kan kaskon ta zabura, ta kama hannuna.

"Yi haƙuri, 'yata. Kin daɗe a tsaye? Laifina ne, na ɗauke ido."

Wai ita ce take ba da haƙuri.