Zagaye Uku a Bayan Rumfar Dalhatu

Dalhatu mai walda ya yi shekara biyu a ajina, lokacin ina koyar da lissafi a sakandare a Kura. Ba ya cikin masu ƙoƙari, ba ya kuma cikin masu surutu. A aji uku mahaifinsa ya cire shi ya kai shi Kano koyon walda. Ya yi shekara tara a can, ya dawo da injin walda ɗaya da tabon ƙuna a hannun hagu, ya kafa rumfar kwano a bakin hanyar da ake bi zuwa gonakin rani. Yanzu shekarunsa arba'in da ɗaya, yana da mata da 'ya'ya biyar. Har yau in ya hango ni sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙe.

Aikinsa na kullum shi ne garma, ƙofar shago, ƙafar injin ban ruwa, da ƙarafan injin casar shinkafa. Amma abin da ya sa aka san shi har Bunkure shi ne aikin da yake yi wa motocin a-kori-kura lokacin tumatir.

Zan yi bayanin aikin, domin sai da na fahimce shi na iya rubuta wannan. A tsakiyar aksil ɗin baya na mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, akwai wata tukunyar ƙarfe cike da haƙoran giya. In mota za ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya mai tsawo fiye da tayar ciki, kuma wannan tukunya ita ce ke ba kowace taya damar juyawa gwargwadon tafiyarta. A irin motocin da ake shiga gona da su, akwai wasu faya-fayai a ciki da ke riƙe tayoyin biyu tare in ɗaya ta fara zamewa a laka. Hanyoyin gonakinmu kuwa laka ce ko da rani, saboda ruwan da ke malalowa daga kanal ɗin ban ruwa. In faya-fayan suka lalace, mota sai ta kafe, taya ɗaya tana ta wulwulawa, ɗayar tana tsaye. Kafin a samo sabuwar tukunya daga Kano a haɗa, kwana huɗu ne ko biyar. Tumatirin da aka riga aka tsinka ba ya jira kwana biyu.

Sai direbobi su kawo wa Dalhatu. Ya buɗe tukunyar, ya wanke mai da fetur, ya bari ta bushe, ya haɗe haƙoran da walda su zama dunƙule ɗaya. Daga nan tayoyin baya biyu tare suke juyawa, ko sun so ko ba su so ba. A laka motar ba ta ƙara kafewa. A kwalta kuma, in da kaya a bayanta, ba ta son shan kwana. Kai kana juya sitiyari, ita tana neman miƙewa.

Saboda haka Dalhatu yana da ƙa'ida. A bayan rumfarsa akwai fili da wata bishiyar darbejiya a tsakiya. Duk wanda ya yi wa wannan aiki, ba ya ba shi makulli sai ya shiga motar tare da shi sun zagaya bishiyar sau uku, na farko a hankali, na uku da ɗan gudu, har direban ya ji da hannunsa yadda motar ke turjewa. Direbobi suna tsokanarsa a kan haka. Na taɓa jin wani yana ce masa:

"Dalhatu, shekarata ashirin ina tuƙi, yau kai za ka ba ni lasin?"

"Shekara ashirin kana tuƙa mota," in ji shi. "Wannan yanzu jaka ce mai taurin kai. Shiga mu je."

"To in na ci jarrabawar me za ka ba ni?"

"Makullinka."

Ɗana na fari sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa muke kiransa Baballe. Ya karanta aikin gona a jami'a, ya dawo gida ya kama noman rani a gonar kakansa, ya sayi tsohuwar a-kori-kura fara yana kwasar kayansa da na maƙwabta. Shekararsa ashirin da tara. Ya yi aure wata goma sha ɗaya kafin abin ya faru.

Wata ranar Talata a watan Fabrairu motar ta kafe a hanyar gona da kwando arba'in na tumatir a ƙasa suna jira. Tarakta ta jawo ta zuwa rumfar Dalhatu. Aka yi mata walda da la'asar. Washegari da hantsi, Baballe ya ɗora kaya ya hau kwalta. A kwanar da ke kafin gadar kanal motar ta miƙe, ta bugi bakin gadar, ta kife a gangare. Shi kaɗai ne a ciki. Waɗanda suka ciro shi sun ce bai yi magana ba. Aka yi masa sutura bayan azahar.

Na zauna a ƙofar gida kwana bakwai ina amsa gaisuwa. Ina cewa amin a inda ake cewa amin. Dalhatu ya zo ranar farko, ya zo ranar uku, ya zo ranar bakwai. Kullum a can ƙarshen tabarma yake zama, ya shafa addu'a ya tashi.

Maganar ta fara yawo tun kafin sadakar uku. Aka ce waldar Dalhatu ce ta karye. Wasu suka ce ba karyewa ta yi ba, aikin ne ya yi cikin gaggawa. Kafin mako biyu mutane suka daina kai masa ko da garma. Ya rufe rumfar. Ƙanena Hafizu, wanda yake da shagon taki a kasuwa kuma shi ya fi kowa shaƙuwa da yaron, ya same ni a zaure ya ce:

"Yaya, ni fa na gama magana da lauya. Hannunka kawai ake jira a kai ƙara. In aka bar shi gobe ɗan wani zai kashe."

Na ce ya ba ni kwana uku.

Ba tausayin Dalhatu ne ya sa na nemi kwanakin ba. A lokacin ba na jin tausayin kowa, ba na kuma jin haushin kowa. Kawai dai shekara talatin da biyu ban taɓa sa hannu a takardar ɗalibi ba sai na duba yadda ya bi ya kai ga amsarsa.

An jawo motar an ajiye ta a wani kango kusa da rumfar. Na aika a kira Dalhatu. Ya zo da akwatin sifanu, ya rame, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Buɗe mini ita," na ce.

Ya kwanta a ƙarƙashin motar ya kwance kusoshin murfin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma. Baƙin mai ya zubo a cikin kwano. Ya goge ciki, ya matsa gefe. Na cire hula na kwanta a inda ya tashi. Ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Akwai 'ya'yan tumatir da suka bushe a jikin ƙarfen. Waldar tana nan, layi huɗu, sumul, babu tsaga ko ɗaya.

Na fito na zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ba ta karye ba," na ce.

"Ba ta karye ba, Malam."

"To mutane ƙarya suke yi maka."

Ya tsaya yana murza tsumman a hannunsa. Da ya ce eh, da maganar ta ƙare a nan, domin ni ban san abin da zan ƙara tambaya ba.

"Malam, da ta karye da ya sha kwanar," in ji shi. "Riƙewar da ta yi ce ta miƙar da motar."

"Ka gaya masa haka za ta yi?"

"Na gaya masa. Na ce a kwalta ya bi a hankali, ya rage gudu tun kafin kwana. Ya ce ya gane, har ya yi mini bayanin yadda abin yake, ya fi ni iya faɗa."

"To."

"Amma ban zagaya da shi ba."

Na dube shi.

"Me ya sa?"

"Ɗanka ne, Malam. Ya yi jami'a. Ni aji uku na tsaya. Na ɗauko makullin, na buɗe baki zan ce ya shiga mu je bayan rumfa, sai na ji nauyi. Na ce wa kaina ni wane ne da zan koya wa ɗan Malam tuƙi. Sai na miƙa masa." Ya ajiye tsumman. "Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin. Mutum ɗaya na ɗaga wa ƙafa."

Babu wanda ya san wannan sai shi. Masu zaman rumfar ranar sun tafi sallar la'asar lokacin da aka gama aikin. Ya san Hafizu ya ga lauya, duk gari ya sani.

Na tambaye shi ko zagayen zai hana abin da ya faru. Ya ce bai sani ba. Ya ce wasu sun zagaya kuma sun faɗa rami daga baya, amma babu wanda ya mutu. Na tambaye shi gudun da mota mai kwando arba'in za ta iya shan wannan kwana da shi in an yi mata walda. Ya faɗa. Na rubuta a bayan wata takarda, ban san don me ba. Na ce ya mayar da murfin. Ya mayar, ya ɗaure kusoshin duka, ko da yake motar ba za ta sake tafiya ba.

A gida na gaya wa Saude, mahaifiyar yaron, duk abin da aka yi. Tana tsince shinkafa a faranti. Ta ce, "Kunyarka ya ji." Na ce haka ne. Ta ci gaba da tsintar.

Ranar da kwana ukun suka cika na sami Hafizu a shagonsa. Na gaya masa abin da Dalhatu ya faɗa, na ce ba zan sa hannu ba.

"Yaya, ya amsa da bakinsa fa."

"Shi ya sa."

"Wannan ba hujja ba ce."

"Na sani," na ce. "Amma ba zan sa ba."

Ya juya ya kama jera buhuna. Ya yi wata biyu ba ya shigowa gidana, sai dai ya aiko matarsa ta duba Khadijat, matar marigayin, da ke takaba a wajenmu.

Rashin kai ƙara bai buɗe rumfar ba. Mutane suna jira su ga inda na tsaya. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da hanyar ta fi cika, na aika aka ce wa Dalhatu ya zo ya buɗe. Na zauna a kan bencinsa da manyan kayana. Masu babur suna wucewa suna rage gudu. Wasu suka tsaya suka gaishe ni, suka gaishe shi a taƙaice. Dogo mai faci, maƙwabcinsa, ya leƙo ya ce, "Malam, ko kai ma lasin ka zo karɓa?" Sai ya tuna, ya kama bakinsa. Na ce masa babu komai.

Dalhatu ya durƙusa a gefen bencin ya ce, a hankali, "Malam, ka yafe mini."

Na ce na yafe. Na faɗa ne kamar yadda nake kiran suna a rajista. Na duba cikina ban sami komai ba, ba yafiya, ba kishiyarta. Amma na faɗa da ƙarfin da mutanen da ke tsaye za su ji, kuma ban janye ba har yau.

Wajen ƙarfe huɗu wani dattijo daga ƙauyen gaba ya zo da garma a bayan keke, kunnenta ya tsage. Ya dube ni, ya dubi Dalhatu, ya sauke ta. Dalhatu ya tayar da janareto. Sau biyu sandar waldar tana maƙalewa a jikin ƙarfen, a na uku ta kama. Ya ce in kawar da kai, wutar tana cin ido. Na ji shi, amma ban kawar ba. Na kalli aikin har ya gama.

Kwana biyu idanuna suna ruwa kamar an zuba musu yashi. Saude ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta ɗora mini, ta zauna a gefe.